Baba ya koma ƙauye da shanyewar ɓarin jiki: ana iya yi masa gashi ta waya?

Wata 'yar'uwa daga unguwar Aboabo a Kumasi ta aiko da tambaya. Mahaifinta manomi ne a wani ƙauye bayan Ejura, shekarunsa sun haura 60. Wata guda da ya wuce ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ma ya yi nauyi. An kawo shi asibitin Komfo Anokye, wanda a Kumasi muka fi kira Gii, aka sallame shi da umarnin ya riƙa zuwa gashi, wato fisiyo, aikin motsa jiki na asibiti don ɓarin da ya shanye ya sake koyon aiki. Ya ɗan zauna a wurinta, daga baya ya ce sam shi gida yake so, aka mayar da shi. Ta ji an ce ana yin gashi ta waya. Tana so ta san ko abin na gaske ne, in kuma na gaske ne ta ina za ta fara.

Sannu 'yar'uwa, ya mai jiki? Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Gashin masu shanyewar ɓarin jiki shi ne aikina a nan Kumasi, kuma da yawa daga cikin waɗanda nake gani mutanen hanyar Mampong, Ejura, Atebubu har Yeji ne. Zuwa na farko da na biyu ana ƙoƙari, na uku sai a ji shiru. Daga Ejura zuwa nan kusan kilomita 100 ne, kuma wanda ba ya iya zama da kansa ba a sa shi a trotro shi kaɗai. Ga kuɗin motar mutum biyu ko uku, ga ranar aiki da ta tafi, ga wahalar fito da shi daga ƙauye zuwa bakin titi. Ba a rasa kulawa ba, aljihu ne ke gazawa.

Abin na gaske ne, kuma zai iya yi wa Baba amfani sosai. Sharaɗinsa ɗaya ne mai nauyi: a samu ma'aikacin fisiyo da ya taɓa ganin Baba ido da ido, wanda kuma zai ci gaba da kallon abin da yake yi kowane mako, yana gyarawa, yana ƙara masa aiki. In babu wannan, abin da za ku samu bidiyo ne kawai a waya.

Bari in faɗa miki dalili. Ciwon ba a hannu ko ƙafa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Ko dai jijiyar jini ta toshe, ko ta fashe, sai wani yanki ya rasa jini ya mutu. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane nan ne mazaunin magana, shi ya sa hannun Baba na dama da harshensa suka tafi tare. Wurin da ya mutu ba ya dawowa, sai dai maƙwabtansa suna iya koyon aikinsa. Kamar hanyar gona ce da ruwa ya cinye: mutane kan zagaya ta cikin ciyawa, yawan sawu ne ke fitar da sabuwar hanya, in an daina bi kuma ta toshe. Duk lokacin da Baba ya yi ƙoƙarin miƙa hannu da kansa, ko ya tashi daga kujera, sawu ne ya ƙaru. Wannan koyon ya fi sauri a watanni 3 na farko, yana ci gaba da kyau har wata 6, bayan nan ma bai tsaya ba sai dai tafiyar ta ragu. Baba ya riga ya ci wata guda. Shi ya sa ba na so a ce a bari sai an sayar da masara.

Ki lura da abin da wannan ke nufi. Awa guda da majinyaci yake samu a wurinmu sau biyu a mako ba ita ce ke tayar da shi ba, abin da yake maimaitawa a gida ne a sauran kwanakin. Namu shi ne mu zaɓi motsin da ya dace da matakin da yake, mu ga inda yake kuskure, mu ƙara masa wuya in ya yi masa sauƙi. Kaso mai yawa na wannan aikin ido ne da baki, kuma waya tana iya kai ido da baki har ƙauye.

An gwada. A Amurka, a wani bincike da aka buga a 2019, an raba majinyata 124 gida biyu: wasu suna zuwa asibiti don gashin hannu, wasu suna yi a gida ta kwamfuta da kiran bidiyo, duka na tsawon mako 6, minti 70 a rana, kwana 6 a mako. Hannayen ɓangarorin biyu sun samu sauƙi kusan daidai. A nan gida ma Farfesa Fred Sarfo, likitan ƙwaƙwalwa a Komfo Anokye, da abokan aikinsa sun buga wani ƙaramin gwaji a 2018: majinyata 20, manhajar motsa jiki a waya, mako 12, ana bibiyarsu daga nesa. Mutanen sun ji daɗin tsarin, matsalar da ta fi damunsu ita ce katsewar intanet. Gwajin ƙarami ne, ya dai nuna cewa abin yana yiwuwa a ƙasarmu.

Amma wanda na fi so ki riƙe shi ne na Indiya, na 2017. Majinyata 1,250 ne. An koya wa iyalai yadda za su yi wa nasu gashi, aka ɗan ziyarce su a gida a watanni biyun farko, sannan aka bar musu aikin. Bayan wata 6 ba a ga bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a koya wa komai ba. A fahimtata, iyali da ƙauna da ɗan horo ba su wadatar ba in aikin bai yi yawa ba, ko kuma ya tsaya a inda aka fara shi. Na sha ganin gidan da aka nuna musu ɗaga hannu sau goma ranar sallama, bayan wata huɗu har yanzu ɗaga hannu sau goma ɗin suke yi, alhali mutumin ya isa ya fara riƙe kofi.

To, ta ina za ki fara? A kawo shi sau ɗaya, ko nan ko asibitin gwamnati mafi kusa da ke da sashen fisiyo. Ki tambaya a Ejura ko Mampong kafin ku ɗauko doguwar hanya. Akwai abubuwan da waya ba ta ji: taurin tsoka, ko kafaɗa ta goce, ko yana jin taɓi da zafi a wannan ɓarin, ko haɗiyarsa lafiya take. A ranar, wanda zai riƙa yi masa aikin a gida ya zo tare da shi, ya yi da hannunsa a gaban ma'aikacin, a ɗauki bidiyon kowane motsi da Baba kansa a ciki. Bidiyon da aka ɗauka a jikinsa ya fi duk wanda za ku samo a YouTube, domin na can an yi shi ne don wani majinyacin da matakinsa daban. A kuma yi magana a fili: wace rana za a riƙa turo bidiyo, wa zai amsa, nawa ne. Ki tabbata mutumin yana da rajistar hukumar da ke ba ma'aikatan fisiyo lasisi a Ghana. Duk wanda ya ce ki turo MoMo zai warkar da shi a mako biyu ba tare da ya gan shi ba, ki riƙe kuɗinki.

Wa zai tsaya a kai? Nan gizo ke saƙa. Idan aka ce "duk gidan za su taimaka", to ba wanda zai yi. A ware mutum ɗaya, a kuma samu mataimaki. Sau da yawa jika ko ƙaramin ɗa da ya iya waya shi ya fi dacewa da ɗaukar bidiyo da ƙirga, Mama kuma ta riƙe magani da abinci. Kada a jibga wa Mama komai. Ita ma ta manyanta, ita ke juya shi da dare, ita ke wanki, kuma ita ce ba za ta taɓa cewa ta gaji ba. In za ki tura kuɗi, ki ware na data da cajin waya daban, ki kuma ɗan ba yaron abin sabulu, domin aiki ne yake yi.

Game da intanet, shawarata kada ku dogara da kiran bidiyo kai tsaye. A ƙauye yana yankewa, hoton ya tsaya, kowa ya fusata. Gajeren bidiyo na daƙiƙa 30 zuwa minti guda ta WhatsApp ya fi. Yaron ya ɗauka a gida, ya tura in ya samu wurin da layi ke kamawa, ko ranar kasuwar Ejura. Ma'aikacin ya kalla a natse, ya maido da saƙon murya da Hausa, a kunna wa Baba ya ji da kunnensa. A jingine wayar a kan kujera, kada a riƙe ta a hannu. A tsaya yadda hasken rana zai faɗa kan Baba, duk jikinsa ya fito daga kai har tafin ƙafa. In tafiya ce, a ɗauka sau ɗaya ta gaba, sau ɗaya ta gefe, a naɗe wandon zuwa gwiwa don mu ga abin da idon sawu ke yi. Sannan a nemi yardarsa kafin a ɗauka, a suturta shi, kuma kada a watsa bidiyon a guruf ɗin dangi. Dattijon da ya ga ana yawo da hoton rauninsa, gobe ba zai yarda a ɗauka ba, kuma yana da gaskiya.

Aikin kansa ya fito daga rayuwarsa. Ma'aikacin ne zai tsara, amma ga yadda abin yake kama. Tashi daga zaune shi ne uwar komai. A samu kujera mai ƙarfi wadda ba ta yi ƙasa sosai ba, a jingine ta da bango. Ya matso bakin kujerar, ƙafafu biyu a ƙasa daidai, mai ciwon ma a ɗan ja ta baya don ta ɗauki nauyi. Ya haɗa hannayensa, ya sunkuyo har hancinsa ya wuce gwiwa, sannan ya miƙe. Mai taimako ya tsaya ta ɓarin da ya shanye, ya riƙe ƙugu ko zanen da aka ɗaura masa a ƙugu, gwiwarsa tana tokare da ta Baba. Baba ya koma ya zauna a hankali, kada ya faɗa. A fara da abin da zai iya, a yi sau uku ko huɗu a yini maimakon a tara a yi sau ɗaya har ya galabaita. A ƙirga da carbi, a rubuta adadin a littafin makaranta da kwanan wata. Wannan littafin yana gaya mini gaskiya fiye da "ai yana ƙoƙari".

Hannu kuwa ya fi ƙafa jinkiri, ku sa wannan a rai don kada ku karaya. A ɗora shi a kan tebur yana gani, ya tura tsumma gaba da baya kamar mai goge tebur, in ya cancanta hannun hagu ya taimaka. In yatsu sun fara motsi, ya ɗebi ƙwayar masara daga kwano zuwa kwano, ya juya murfin gora, ya riƙe buta da ruwa kaɗan. Mutane suna son ba majinyaci ƙwallo ya riƙa matsawa. Ni ba na gaggawar hakan, domin bayan 'yan makonni hannun da kansa yake dunƙulewa, buɗewar ce ke gagara, ita ya kamata a fi koya. Maganar ci da hagu za ta dame shi, na sani. Ya ci da hannun da zai kai abinci baki lafiya, lalura ce, amma a ajiye na dama a kan tebur ya dafe kwano, ya zama yana cikin aikin. Sallah ma haka: hadisin Imrana ɗan Husaini ya zo da sauƙin yin ta a zaune ga wanda ba ya iya tsayuwa, ko a kwance ga wanda ba ya iya zama. Zaman sallah a kujera sau biyar a rana, da gyara zama, da juya kai dama da hagu wajen sallama, duk motsi ne mai amfani. Kuma burin komawa masallaci da ƙafarsa yana tayar da dattijo fiye da duk wani dogon bayanina.

Kafaɗa ita ce abin da na fi jin tsoro a gidajenmu. Tsokar da ke riƙe ta ta saki, nauyin hannun kaɗai yana iya sa ta goce. Kada kowa ya ja Baba ta wannan hannun, ko ya ɗaga shi ta hammata, ko ya ɗaura igiya a reshe ya riƙa jan hannun sama. In yana zaune a tallafe hannun da matashi, in yana kwance ma haka. Wajen sa riga a fara da hannun da ya shanye, wajen cirewa a ƙare da shi. Kafaɗar da aka ɓata a makon farko tana iya hana mutum barci wata da watanni, kuma mai jin zafi ba ya motsa jiki.

Na san za a kawo mai tausa, za a kawo masu cewa jifa ne ko shafar iska. Addu'a da tofi ba su hana komai a aikinmu, a yi ta yi. Abin da nake roƙo shi ne a bar tsaga, a bar murɗa gaɓa da ƙarfi, a bar gasa jiki da ruwan zafi ko garwashi, domin ɓarin da ba ya ji yana ƙonewa mai shi bai sani ba. Shafa mai a hankali ba laifi, yana sa jiki ya sake. Rubutu ko jiƙo kuwa, ku duba maganar haɗiya tukun. In yana tari ko ƙwarewa wajen shan ruwa, ko muryarsa ta koma kamar ta mai kurkure baki bayan ya sha, to ruwan yana bin hanyar huhu, kuma ciwon huhu yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan lalura. Ya ci a zaune sosai, loma ƙanana, ya ƙara zama rabin awa bayan ya gama, a wanke masa baki. Koko mai kauri yakan fi ruwa tsararo sauƙin wucewa, amma wannan hukunci ne na wanda ya duba shi. Kada a taɓa ɗura masa abu yana kwance. In kuma har yanzu yawancin yininsa a shimfiɗa yake, a juya shi duk awa 2, a duba ƙugu da ɗuwawu da diddige. Jan fatar da bai gushe ba bayan an ɗauke nauyi, farkon gyambo ne.

Tun da a ƙauye yake, abu biyu ku gyara da wuri: shimfiɗa da bayan gida. Tashi daga tabarma a ƙasa ya fi ƙarfinsa yanzu, a ɗaga masa gado daidai gwiwa. Masai na tsuguno kuma nan ake yawan faɗuwa. Kafinta zai iya huda kujerar katako a sa bokiti a ƙarƙashi, a kafa sanda mai ƙarfi a gefe. Silifas ɗin da ba ya kama diddige a ajiye shi.

Maganarsa a yi haƙuri da ita. Hankalinsa yana nan, kalmar ce ke ɓace masa. A yi masa magana kamar babba, mutum ɗaya a lokaci guda, gajerun jimloli, a ba shi lokaci, kada a riƙa ƙarasa masa. Abin da baki ya saba da shi tun yarinta, kamar Fatiha, ƙirga, gaisuwa da sunayen 'ya'ya, yakan riga sauran fitowa, daga nan ake ginawa. Ke ma kina da aiki a nan: kiran minti biyar kullum, ki tambaye shi gona, ki jira amsa. In kin ga ya daina cin abinci, yana yawan kuka, ko yana cewa gara ya mutu, ki gaya wa likita. Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna shiga baƙin ciki mai tsanani, kuma yana da magani.

Duk wannan wahala za ta tashi a banza in ciwon ya sake bugowa. Babban binciken SIREN da aka yi a asibitocin Ghana da Najeriya, har da Kumasi da Kano, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba, kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin yana rataye da shi. Ya kuma nuna cewa barbaɗa gishiri a abinci yana ƙara haɗari, cin ganye kullum yana ragewa. Ayoyo, alefu da zogale suna nan a bayan gida. A rage kifin gishiri irin su koobi da momoni, da dunƙulen miya, daddawa ta rufe gurbin. Magani kuma ba a dainawa don an ji sauƙi, ba a jira ya ƙare kafin a nemo wani. Ki sabunta masa katin inshorar lafiya ta *929#. In da hali ki saya masa na'urar awon jini ta dantse, a auna a hannun lafiya, a rubuta a littafin nan. In babu, nas ɗin ƙaramin asibitin ƙauye (CHPS) mafi kusa za ta auna, ki karɓi lambarta ki haɗa ta da ma'aikacin fisiyon. Yawanci ana so awon ya sauka ƙasa da 130 bisa 80, likitansa ne zai tsayar masa da nasa. Ranar da lambar sama ta kai 180 ko ta ƙasa ta kai 110, a bar motsa jiki a nemi ma'aikacin lafiya. Kada kuma a sayo masa asfirin a kemis sai likita ya ce, domin in irin na fashewar jijiya ne ya same shi, ƙara zubar jini zai yi.

Akwai ranar da ba a tura bidiyo, mota ake nema: baki ya sake karkacewa, wani sabon rauni ya zo, magana ta ɗauke gaba ɗaya, ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, farfaɗiya, zazzaɓi da numfashi sama-sama, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ya faɗi ya bugi kai. A kira 112, ko a ɗauki duk abin hawan da ya samu zuwa asibiti, kada a ba shi komai ta baki a hanya. Tun yau ku san direban da za a buga wa ko da tsakar dare ne, ku ajiye lambarsa a wayar kowa a gidan.

Ko komai yana tafiya daidai, a sake kawo shi a duba shi da hannu bayan kamar wata guda ko mako 6, a haɗa da ranar ganin likita don kuɗin mota ya zama ɗaya. A zo da littafin ƙirga, da duk magungunan da yake sha a cikin ledarsu har da na gargajiya, da takalmin da yake tafiya da shi, da yaron da ke yi masa aikin.